Yadda za a kafa hidimar renon matasa marasa uba a Sakkwato

Kafin a tara yara, a fara zama da fasto da dattawan ikilisiya, domin aikin da ba su sa masa albarka ba da wuya ya ɗore. Zumuntar Mata ce ta san gwauraye, kuma ta hanyarta za a gano gidajen Mabera ko Gidan Dare inda yaro ya girma babu namijin da zai tsawata masa.

A zaɓi magidanta masu kamun kai, a haɗa kowannensu da yaro ɗaya, bayan mahaifiyar ta amince. Ganawa ta kasance a harabar coci ko a shagon koyon sana'a, a idon jama'a, kuma wannan sharaɗi bai kamata a sassauta wa kowa ba, ko da dattijo ne. Ikilisiyar da take da Boys' Brigade, ƙungiyar tarbiyyar yara maza ta Kirista da William Alexander Smith ya kafa a Glasgow a 1883, tana iya ɗora aikin a kanta.

Yakubu 1:27 ya ce a kula da marayu cikin wahalarsu, saboda haka a ware asusu na kuɗin makaranta da na jarrabawar NECO tun daga farko.