Eriyar mota mai tashi da kanta ta ƙi tashi? Ga yadda zaka gano matsalar ka gyara

Idan motarka irin mai eriyar nan ce da take miƙewa da kanta in ka kunna rediyo, ta koma ciki in ka kashe, kamar tsofaffin Marsandi W124, Camry da Accord na shekarun 1990 ko Lexus LS400, to ranar da ta fara gardama kar ka yi saurin cewa a ciro ta gaba ɗaya a sa sabuwa. Yawanci abin da ya lalace ƙarami ne, kuma kunnenka ne zai fara gaya maka inda matsalar take.

A ciki akwai ɗan inji mai aiki da wutar batir volt 12, yana juya wata giya, ita kuma giyar tana tura wata doguwar igiyar roba mai haƙora wadda take maƙale da sandar eriyar ta ciki. In zata tashi igiyar ce ke turo sandar sama, in zata sauka sai igiyar ta nannaɗe a cikin wani ɗan faifai a ƙasa. Shikenan aikin.

Toh abu na farko, ka samu wani ya zauna a cikin motar ya kunna rediyo, kai kuma ka tsaya gefen eriyar ka kasa kunne. A tabbatar an sa shi a FM ko AM, domin wasu rediyoyin basa tayar da eriya in kana kan kaset ko CD ko bulutut.

In kaji injin yana ƙara amma sandar ko motsi, ko kaji wani ƙarr ƙarr kamar abu na zamewa, to wuta lafiya lau take, inji ma da ransa, igiyar robar ce ta tsinke ko haƙoranta suka cinye. Wannan ita ce matsalar da aka fi samu nesa ba kusa ba, saboda roba ce, shekaru da zafi suna busar da ita. Ana sayar da sandar haɗe da igiyarta, ka nemi wadda ta dace da samfurin motarka don tsawon igiya da girman haƙora ba ɗaya bane a kowace mota.

Canza ta ba wani abin tsoro bane. Ka kwance notin da ke gindin sandar a saman bodi, ka lulluɓe wajen da tsumma ko salatif tukuna don in filaya ta zame fenti zata ci. A kunna rediyo, injin zai turo sandar, kai kuma ka riƙa jan ta a hankali har ta fito da igiyar duka. Dan Allah a daidai nan ka tsaya ka duba ɓangaren da haƙoran suke kallo, gaban mota ko baya ko gefe, in da hali ka ɗau hoto da waya, saboda haka zaka mayar da sabuwar. Sannan ka shimfiɗa tsohuwar igiya da sabuwar a jere. In tsawonsu ɗaya ne alhamdulillah. In tsohuwar ta gaza kuma bakinta ya nuna alamar karyewa, to guntun yana can cikin faifan, kuma matuƙar baka ciro shi ba sabuwar ba zata shige duka ba, zaka ga sandar ta tsaya da saura a waje. Dole sai an sauke eriyar daga cikin but ko ta bayan fenda, a kwance sukurorin murfin, a zaro guntun, a goge tsohon giris ɗin da ya daskare a sa sabo kaɗan a kan giyar, farin giris ɗin nan na litiyam ya fi dacewa. Tunda ka buɗe, ka duba haƙoran giyar kanta ma.

Wajen saka sabuwa, rediyo yana kunne zaka zura igiyar cikin ramin har kaji ta taɓo giya, sai ka ce a kashe. Injin zai kama ta ya ja da kansa, kai dai ka riƙe sandar a miƙe kana binta. In bata kama ba ka ɗan murza igiyar kaɗan a sake gwadawa, kar ka danna da ƙarfi. Ka ɗaure noti, a kunna a kashe kamar sau uku ko huɗu, ko da farko bata shige duka ba yawanci zata daidaita kanta.

In kuma an kunna rediyo kaji shiru, ko ɗan ƙis babu, to maganar wuta ce. Fara da fiyus, littafin motar ko murfin akwatin fiyus zai nuna maka wanne ne. In ya ƙone ka sa mai lamba iri ɗaya, kar ka sa wanda ya fi shi kuma kar a naɗa masa waya, in ya sake ƙonewa nan take akwai inda waya ta haɗu da bodi ko injin ya cije. In fiyus lafiya, ka je soket ɗin eriyar da mita ko fitilar gwaji. Irin mai waya uku, ɗaya tana da wuta kullum ko mota a kashe, ɗaya ta as ce wato wadda ake ɗaurewa jikin bodi, ta ukun ita ce ke zuwa daga rediyo, zata nuna kusan volt 12 in an kunna, ta koma sifili in an kashe. In ta ukun ce babu wuta, ka ɗan haɗa ta da mai wutar kullum, idan eriya ta miƙe to ita lafiyarta ƙalau, laifin daga rediyo ne ko wayar da ta taho daga can.

Wannan yana yawan faruwa bayan an cire rediyon asali an sa na zamani mai allo. A yawancin rediyoyin da ake sayowa a saka, shuɗiyar waya zalla ita ce ta eriya, shuɗiya mai ratsin fari kuma ta amfilifaya ce, sai mai haɗawa ya bar ta eriyar a sake ko ya musanya su. In eriyarka ta daina aiki tun ranar da aka canza rediyo, a fara buɗe bayan rediyon kafin a taɓa komai. In kuwa duk wayoyi uku sun nuna daidai amma shiru, saura rile, wato ɗan makunnin da ke sakar wa injin wuta, ko ɗan allon lantarkin da ke cikin eriyar ko injin kansa, anan ne kai ta wajen mai wayarin ko sayen sabuwa yake da ma'ana.

Akwai kuma wadda zata tashi rabi ta tsaya, ko tana sauka tana nishi. Datti ne ko lanƙwasa. Ka tayar da ita duka ka kalle ta daga gefe biyu, in ta ɗan karkace a wata gaɓa gara a canza sandar, miƙar da ita da hannu ba kasafai yake ɗorewa ba kuma injin ne zai ta shan wahala. In a miƙe take, tsumma da ruwan sabulu ko sifirit, ka goge gaɓa gaɓa, a sauke a tayar, ka sake gogewa, zaka ga baƙin datti yana ta fitowa daga mahaɗar, ka ci gaba har tsumman ya daina baƙi.

Abin da nake roƙon mutane su bari shi ne shafa giris ko baƙin mai a jikin sandar. Ranar farko zata yi santsi kaji daɗi, bayan nan duk ƙurar hanya ta manne, ta shige ciki ta zama kamar taɓo mai yashi, ita ce take cin haƙoran igiyar. In dole sai ka sa wani abu, ɗan feshin silikon a tsumma ka shafa sama-sama ka goge. Gogewar nan ko sau ɗaya a wata ta wadatar, in kana yawan bin hanya mai ƙura ka ƙara. Kar a tura ta da hannu don a taimaka mata sauka, ka kashe rediyo kafin ka shiga injin wankin mota mai burushi ko ƙarƙashin rassan bishiya, kuma a ƙasan eriyar akwai ɗan tiyo ko rami da ruwan sama ke bi ya fita, in ya toshe ruwa zai kwanta a ciki tsatsa ta kama injin, ka riƙa duba shi.

In injin eriyar ya ƙi tsayawa, yana ta juyi bayan ka cire makulli, ka zare soket ɗinsa ko fiyus nan take kafin ka nemi dalili, in ba haka ba zai shanye batir ko ya ƙone kansa.

Sai ta ƙarshe, eriya ta tashi tsaf amma rediyo sai shuu. Ka duba kebul ɗin da ya shiga bayan rediyo ko ya zauna sosai, sannan gindin eriyar inda ya haɗu da bodi, in akwai tsatsa a kankare a ɗaure tam. Ka kuma tabbatar tana miƙewa har ƙarshe, tashoshin FM suna tsakanin 87.5 da 108 MHz ne kuma tsawon da ya dace dasu wajen santimita 75 zuwa 80 ne, sandar da ta tsaya a rabi ba zata jawo maka tasha mai nisa ba.