Kurakuran da masu nutso da kyamara suka fi yi a gaɓar Dahab

Dahab ƙaramin gari ne a bakin Bahar Maliya, a yankin Sina'i na ƙasar Masar. Abin da ya fito da sunansa wajen masu nutso shi ne ba sai an hau jirgin ruwa ba: mutum zai saɓa tukunyar iska a baya, ya taka da ƙafarsa daga bakin gaɓa, kafin ya ankara ga shi a kan murjani. Wannan sauƙin ne ke ruɗar baƙi, musamman wanda ya zo da sabuwar kyamara yana ɗokin hoto.

Babban kuskure shi ne riƙe kyamara tun mutum bai iya tsayar da jikinsa a tsakiyar ruwa ba. Taura biyu ba ta taunuwa. Wanda har yanzu yake fama da hawa da sauka, da zarar idonsa ya koma kan allon kyamara sai ƙafafunsa su shiga dukan murjani bai sani ba. Wannan yana ɓata mini rai ƙwarai, don akwai murjanin da tsawon shekara guda bai fi ya ƙaru da santimita ɗaya ba, a karya shi kuma saboda hoto guda. Gyaran shi ne a ajiye kyamarar tukuna, a je wurin da ƙasansa yashi ne a yi ta gwaji, har mutum ya iya ɗagawa da sauka da numfashinsa kaɗai, hannuwa a naɗe. A kuma sake auna dalmar da ake ɗaurawa a ƙugu. Bahar Maliya ta fi yawancin tekuna gishiri, ruwanta ya fi ɗaga jiki, saboda haka nauyin da ya ishe ka a wani wuri ba lallai ya ishe ka a nan ba.

Sai shiga ruwan kanta. A wurare irin su Eel Garden, ɗaya daga wuraren nutso na Dahab, sai an ratsa shimfiɗar murjani marar zurfi kafin a kai inda ake nutsewa, kuma idan teku ta janye ko iskar arewa ta taso da igiyar ruwa, hanyar ba ta biyuwa. Ka tambayi masu jagora na garin lokacin cikar teku, idan sun ce a bari, a bari. Ka sa takalmin roba mai kauri saboda bushiyar teku da kifin dutse, wanda ke kwanciya ba a bambanta shi da dutse kuma ƙayarsa na da mugun dafi. Takalman iyo kuwa sai ruwa ya kai ƙirji ake sa su.

A wajen hoto, kukan kowa ɗaya ne: an ga kifi ja jawur, an dawo gida hoto ya fito shuɗi fes. Ruwa ne ke shanye launi. Ja ke fara ɓacewa tun wajen mita 5, ruwan lemo da rawaya su biyo baya. Tabaran nutso kuma na nuna abu ya fi girma ya fi kusa, sai ka ɗauka ka matso alhali da saura. Kada ka dogara da jawo hoto daga nesa. Ka matsa da jikinka a hankali har tazarar ta gaza mita ɗaya, ka yi ƙasa daidai idon kifin ko ƙasa da shi kaɗan, don hoton da aka ɗauka daga sama bayan kifi da yashi kawai yake nunawa. Su siraran kifayen nan na Eel Garden da ke tsaye cikin ramukansu suna kaɗawa da ruwa, kana yunƙurowa da sauri za su nutse cikin yashi ɗaya bayan ɗaya. Idan ka tsaya cik ka sassauta numfashi, su da kansu za su sake leƙowa.

Filashin da ke manne kusa da idon kyamara yana haska duk wani datti da ke yawo a ruwa, hoto ya cika da fararen ɗige-ɗige. A ɗora fitilar a kan sanda a karkatar da ita gefe, kuma a daina tayar da yashi da ƙafa.

Kyamarori da yawa sun mutu saboda silin gashi ɗaya ko ƙwayar yashi a kan zoben robar da ke toshe gidan kyamarar, wato akwatin da ke hana ruwa shigarta. A duba zoben a ɗaki mai haske, a shafa masa maiƙonsa kaɗan, a rufe, a tsoma a ruwan daɗi a ga ko kumfa na fita. Kada a buɗe gidan a bakin gaɓa, kada a bar shi a rana, don gilashin zai yi gumi ta ciki.

Wanda ya fi duka haɗari shi ne bin kifi a manta da ma'aunin iska da na zurfi, a manta da abokin nutso. Mai takardar shaidar nutso ta matakin farko iyakarsa mita 18, nutson nishaɗi gaba ɗaya bai wuce mita 40. A Blue Hole, wani rami mai zurfi a cikin teku kusa da Dahab, akwai wata ƙofar dutse da ke wajen mita 55, kuma mutane da dama sun rasa rayukansu wajen neman ratsa ta da iskar tukunya ɗaya. Ka ɗora wa kanka duba ma'auni bayan kowane 'yan hotuna, ka fito da saura bar 50 (ma'aunin matsin iska) a tukunya, ka tsaya minti 3 a mita 5 kafin ka ɗago. Kada ka taɓa riƙe numfashi don hoto ya tsaya.

Masu zuwa Dahab kan so su haɗa da hawan Dutsen Sina'i, wanda tsayinsa ya kai mita 2,285. Bayan nutso akwai sauran iskar nitrojin a jiki, kuma hawa tudu mai tsayi na iya sa ta yi kumfa a jini, kamar yadda hawa jirgin sama ke yi. Wanda ya yi nutso fiye da sau ɗaya ya jira aƙalla awa 18, ko kuma ya fara zuwa dutsen kafin ya shiga ruwa.