Darasi: Idan Jami'in Hanya Ya Yanka Maka Tara Bisa Kuskure

Jami'in hanya ɗan Adam ne. Yana aiki cikin rana da ƙura da hayaniyar motoci, yana rubutu a tsaye, don haka yakan yi kuskure. Wannan darasi zai nuna maka yadda za ka kai maganar gaban majistare idan an rubuta maka laifin da ba ka aikata ba. Misalanmu daga aikin Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ne, wato FRSC, wadda aka kafa a 1988, take kuma aiki da dokarta ta 2007. Hukumomin jihohi, kamar KAROTA a Kano, suna da nasu dokokin, amma haƙƙinka a gaban kotu ɗaya ne.

A bakin hanya

Kada ka yi faɗa, kada ka gudu, kada kuma ka miƙa na goro. Kowanne daga cikin ukun nan laifi ne mai zaman kansa, kuma yana iya fin wanda ake tuhumarka da shi nauyi. Karɓi takardar tuhuma ka karanta ta a nan take. Idan karatunka bai nuna ba tukuna, nemi wanda ka yarda da shi ya karanta maka da ƙarfi, layi bayan layi.

Duba sunanka, da lambar mota, da irin motar, da kwanan wata, da lokaci, da wurin da aka tsayar da kai, da laifin da aka rubuta, da sunan jami'in. Tsaya sosai a kan lambar mota. A rubutun gaggawa, 8 kan zama B, 5 ta zama S, sifiri ya zama O, 1 kuma ta koma 7. Wanda ya san haruffansa da lambobinsa shi ne zai kama irin wannan kuskure, kuma wannan kaɗai ya isa dalilin zuwa ajin koyon karatu.

Laifin ma da gajerun haruffa ake rubuta shi. SUV na nufin rashin ɗaura bel, UPD amfani da waya ana tuƙi, DLV kuma matsalar lasin tuƙi. Tarar kowanne daban ce, don haka harafi ɗaya na iya ninka abin da ake nema a wurinka. Idan ka ga kuskure, faɗa wa jami'in cikin ladabi. In bai gyara ba, ɗauki hoton takardar da wayarka, da hoton motar da lambarta, da alamar hanya idan a kanta ake gardama. Karɓi lambar wayar fasinja ɗaya ko biyu da suka ga abin da ya faru.

Wane kuskure ne ke da nauyi?

A nan mutane da yawa suke ruɗuwa. Ba kowane kuskure ne ke rushe tuhuma ba. Idan an rubuta sunanka da harafi ɗaya ba daidai ba, alhali kai ne a motar kuma ba ka ɗaura bel ba, kotu na iya yarda a gyara rubutun a ci gaba da shari'a. Wanda ya tafi kotu da wannan kaɗai ya ɓata ranarsa.

Kuskure mai nauyi shi ne wanda ya taɓa asalin laifin. Misali, an rubuta cewa lasinka ya ƙare, ga shi kuwa saura wata takwas. Ko an rubuta lambar wata motar. Ko an sa ranar da motarka take garejin bakanike, kuma kana da rasit. Ko an ce ka karya alamar da babu ita a wurin. Tambayi kanka: in an gyara kuskuren, laifin yana nan ko ya tafi? In ya tafi, kana da magana.

Kafin ranar kotu

Kada ka biya tarar in kana son yin jayayya. Biya tamkar amsa laifi ne, kuma maido da kuɗin da ya shiga asusun gwamnati abu ne mai wuya. Kada kuma ka jefa takardar a aljihu ka manta, domin tana da wa'adi. Je ofishin da aka rubuta a jikinta, ka nemi ganin shugaban ofishin, ka miƙa koke a rubuce: sunanka, lambar takardar, kuskuren, da hujjarka. Yi kwafi biyu, a buga maka hatimi a kan naka. Sau da yawa maganar kan mutu a nan. In ba ta mutu ba, ka ce kana son a gurfanar da kai a kotu. Idan motar na tsare, ka sani ana lissafa kuɗin ajiya kullum, don haka jinkiri asara ce.

Haɗa asalin lasinka, da takardun mota, da inshora, da fotokwafi uku na kowanne. Hotunan waya kuma a wanke su. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya buƙaci bayani a rubuce game da na'urar da ta ɗauki hoton, kuma rashin wannan takarda kan sa a ƙi karɓar hoto mai kyau. Nemi lauya ya tsara maka ita.

A gaban majistare

Ko kotun tafi-da-gidanka ce a gefen titi, kotu ce cikakkiya. Isa da wuri, ka kashe waya, ka miƙe in an kira sunanka. Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ce ba ka da laifi sai an tabbatar. Ya ba ka damar kare kanka ko ɗaukar lauya, da samun tafinta kyauta. In ba ka jin Turanci sosai, ka ce: "Ranka ya daɗe, ina roƙon a fassara mini da Hausa." Babu abin kunya a ciki.

Za a karanta tuhuma a tambaye ka. Amsarka gajera ce: "Ban aikata ba." Kada ka ce "a yi haƙuri", domin ana iya ɗaukarsa amsa laifi. In mai ba ka shaida ba ya kusa, roƙi a ɗage zama. Ana iya neman mai tsaya maka beli, saboda haka ka zo da ɗan uwa mai katin shaida.

Bayan jami'in ya yi bayani, kana da damar yi masa tambayoyi. Kada ka kira shi maƙaryaci. Miƙa masa takardar da ya rubuta ka ce: "Yallaɓai, karanta lambar da ke nan." Sannan ka nuna takardar motarka: "Wannan fa?" Bar majistare ya ga bambancin da idonsa.

In an sallame ka, karɓi kwafin hukuncin, da shi za ka karɓo lasinka ko motarka. In hukunci bai yi maka daɗi ba, kana iya ɗaukaka ƙara zuwa Babbar Kotun Jiha. Tambayi magatakardan kotu wa'adin tun a ranar, kafin ka bar harabar.