Ƙura a kan sensar kyamara: yadda ake gano ta da fitar da ita

Da hunturu ya kankama a Jos, sai masu ɗaukar hoto su fara ganin ɗige-ɗige masu duhu a hotunansu, musamman a sararin sama ko a kan farar rigar ango. Kada ka taɓa komai sai ka tabbatar da inda ƙurar take.

Saita ISO (ƙarfin jin hasken kyamara) a 100, ka tsuke ƙofar haske zuwa f/16 ko f/22, ka mayar da fokas na hannu, ka murza shi har komai ya dushe. Ɗauki farin bango ko farin kwali kana ɗan motsa kyamarar, don kada dattin bangon ya ruɗe ka. Buɗe hoton a kwamfuta, ka ƙara girmansa zuwa 100%. Sauya lens ka sake ɗauka. Idan ɗigon yana nan bai gusa ba, to a sensa yake, wato faifan da ke karɓar haske ya zama hoto a cikin kyamarar. Ƙurar tana zaune ne a kan gilashin da ke gaban sensar, inuwarta ce kake gani; shi ya sa take ɓacewa idan ƙofar haske a buɗe take sosai kamar f/2.8, ta fito ƙarara a f/22. Tabon da kake gani a tagar leƙe ta DSLR (kyamara mai madubi a ciki) amma babu shi a hoto, wannan na madubi ne ko allon fokas. Ɗigo mai haske ja ko shuɗi kuwa fiksel (ɗaya daga ƙananan ɗigogin da ke haɗa hoto) ne ya lalace, goge-goge ba ya maganinsa.

Fara da abu mai sauƙi. Kunna tsarin girgiza sensa da ke cikin menu. In bai isa ba, cika batir tukuna, domin idan wuta ta ƙare shata (labulen da ke gaban sensa) zai iya rufewa a kan abin aikinka. Rufe tagogi, kashe fanka, cire lens, kifa bakin kyamarar ƙasa, ka hura da famfon roba na hannu ba tare da kansa ya shiga ciki ba. Hoto a juye yake sauka, don haka ɗigon da ke saman hoto yana ƙasan sensa. Ban da hurawa da baki, ban da iskar gwangwani, ban da audugar kunne.

Sai ƙurar da ta manne ko ɗigon mai ake yi wa gogen jiƙa, kuma lallai bayan hurawa, domin ƙurar hunturu tana da tsakuwa-tsakuwa, idan ka ja ta za ta karce gilashin. Sayi sandar goge sensa daidai girman sensarka: mai faɗin milimita 24 ga full-frame (babbar sensa), kusan 16 ga APS-C (ƙarama). Ɗiga ruwan goge sensa ɗigo ɗaya ko biyu a bakinta, ka ja a hankali daga gefe zuwa gefe sau ɗaya, ka dawo da ɗaya fuskar, ka yar. Ruwa ya yi yawa, zai bar zane. Idan sensarka mai motsi ce don hana rawar hoto, duba littafin kyamarar kafin ka danna ta.

Hotunan da ka riga ka ɗauka kuma, Visualize Spots na manhajar gyaran hoto ta Lightroom zai fito maka da tabon, ka share a hoto ɗaya ka kwafa gyaran zuwa sauran.