Babi na 6: Buɗe Burauza Kai Tsaye a Shafin Sirri

Darasi na 1

Ku ɗauko wayarku ku riƙe a hannu kafin ku ci gaba da karatu. Wannan babi na aiki ne, sai an taɓa ake iyawa.

Burauza ita ce manhajar da kuke shiga intanet da ita. A yawancin wayoyin Android sunanta Chrome. Alamarta da'ira ce mai ja da kore da rawaya, da shuɗi a tsakiya. A iPhone kuwa sunanta Safari. Duk shafin da kuka buɗe, burauza tana ajiye sunansa a tarihinta, kuma wanda ya ari wayar bayanku zai iya gani. Mai yiwuwa kun nemi bayani kan wata cuta da ke damunku, ko kun shiga imel ɗinku a wayar wani. Ba laifi kuka yi ba, amma sirrinku ne.

Shafin sirri ba ya ajiye wannan tarihi, ba ya kuma riƙe abin da kuka cike a gurabe. Chrome na kiransa Incognito. Abin da nake so ku koya shi ne faɗawa cikinsa kai tsaye, domin na sha ganin ɗalibi ya buɗe burauza yadda ya saba, ya rubuta abin da yake nema, sannan ya tuna da shafin sirri. A lokacin an riga an rubuta.

Darasi na 2: Dannawa da riƙewa

Nan ne yawancinku ke tuntuɓe, don haka nan za mu daɗe.

Ku nemo alamar Chrome a fuskar waya. Kada ku taɓa tukuna, ku dube ta kawai. Yanzu ku ɗora yatsa ɗaya a kanta, ku bar shi a nan. Kada ku ɗaga. Ku ƙirga a zuci: ɗaya, biyu. Wani ɗan akwati zai fito kusa da alamar, a wasu wayoyin har za ku ji ta ɗan girgiza. Sai kun ga akwatin za ku ɗaga yatsa.

A cikin akwatin akwai rubutu layi-layi. Ku nemi wanda ke da kalmar Incognito. In Turancin ya yi muku wuya, ku duba hoton da ke gefensa: hula ce da tabarau. Ku taɓa shi sau ɗaya. Masu iPhone, ku yi haka a kan Safari, ku nemi layin da ke da kalmar Private.

Idan Chrome ta buɗe kamar kullum, kun ɗaga yatsa da wuri. Ba komai, kusan kowa haka yake farawa, domin hannu ya saba da taɓawa ya janye. Ku koma baya ku sake. Ɗora yatsa. Riƙe. Ɗaya, biyu. Akwati ya fito? To, ɗaga.

Idan kuma alamar ta bi yatsanku tana yawo, kun motsa hannu. Ku mayar da ita inda take ku sake ta. Kada ku ja ta sama, don a nan wasu wayoyin ke ajiye wurin cire manhaja. Yatsa ya tsaya cik, kamar mai dangwala hannu a takarda: a ɗora, a tsaya, a ɗaga. Ba a buƙatar ƙarfi. Na ga masu danna gilashin har farcensu ya yi fari, alhali jira kawai wayar ke so.

Ku sake. Ɗora, riƙe, jira akwati, ɗaga, taɓa hula da tabarau. Ku yi sau biyar a jere kafin ku wuce wannan layi.

Yaya za ku san kun shiga? A Chrome, fuskar za ta yi duhu, hula da tabarau su bayyana. A Safari babu hula, kalmar Private za ku gani. In ba ku ga hular ko kalmar Private ba, ba ku shiga ba, kada ku rubuta komai.

Ina roƙonku, ku daina miƙa wa yaro waya ya yi muku. Wanda kuke ɓoye wa tarihin shi za ku kira ya buɗe muku shafin sirri? Wasu kuma sau ɗaya za su gwada su ce wayarsu ce ba ta da kyau. Wayoyin Android sun fara wannan akwati tun 2016. In taku ta tsufa ƙwarai har ba ya fitowa, ku buɗe Chrome, ku taɓa ɗigo uku da ke sama ta dama, ku zaɓi layin Incognito kafin ku rubuta ko harafi ɗaya. Amma kafin ku ɗora wa waya laifi, ku sake riƙewa, ku ƙirga biyu.

Darasi na 3: Rufewa

Fita daga Chrome ba rufewa ba ne. Shafin yana nan buɗe, mai ɗaukar wayar zai same shi yadda kuka bar shi. Ku taɓa ɗan murabba'i mai lamba a ciki, sannan ku taɓa × a kan kowane shafin sirri har su ƙare.

Ku kuma san iyakarsa. Hoto ko takardar da kuka sauke tana nan a waya. Kamfanin da ke ba ku intanet, da wurin aiki ko makarantar da kuke amfani da layinsu, suna iya sanin inda kuka shiga. In kun shiga Facebook da sunanku, Facebook ya san ku ne.

Darasi na 4: A kwamfuta

A kwamfuta mai Windows, ku kai kibiyar linzami kan alamar Chrome da ke layin ƙasa, ku danna maɓallin dama, ba na hagu ba, ku zaɓi layin Incognito. In burauzar tana buɗe, ku haɗa Ctrl da Shift da N lokaci guda. A burauzar Edge ma haka ne, sai dai sunansa InPrivate. A burauzar Firefox, P ake dannawa maimakon N.

Darasi na 5: Aikin gida

Ku buɗe shafin sirri sau uku, ku rufe shi sau uku. Wanda akwati ya ƙi fito masa ya koma darasi na 2.