Yadda za a sa ɗalibai cikin tsara abincin makaranta

Duk wanda ya yi makarantar kwana a Kano ya san gabza, wato tuwon makaranta, kuma ya san yadda ake zubar da ita a bayan dainin, wato ɗakin cin abinci. Abin yana min ciwo wallahi, an kashe kuɗi an sha hayaƙi, yaro kuma ya kwana da yunwa saboda ba wanda ya tambaye shi me zai iya ci.

To malamai 'yan uwana ga yadda za ku yi. Ku fara da kafa ɗan kwamiti, kowane aji ya ba da mutum ɗaya ko biyu, kada ku bar wa firfet na abinci shi kaɗai, don 'yan aji ɗaya ba sa iya buɗe baki gaban siniya, su ku ba su takarda su rubuta ra'ayinsu ba tare da sa suna ba. A zaman a kira masu girki da mai kula da sito, su ne suka san abin da tukunya za ta ɗauka.

Sai babban abin, ku faɗa wa yaran gaskiyar kuɗin. In ka ce me kuke so kawai, kowa shinkafa da kaza zai ce. Amma in ka ce ga abin da ake kashewa kan kowane ɗalibi a rana, ga farashin kwanon wake a Dawanau, ga na kwandon tumatir a 'Yankaba, za ka sha mamakin lissafinsu, su da kansu za su gane tumatir yana araha lokacin sanyi da kayan noman rani na Kadawa ke shigowa, da damina kuwa sai a koma kuka da kuɓewa busasshiya da zogale. Malamin lissafi ma ya samu darasi a nan.

A ba su zaɓi biyu-biyu, garau-garau ko ɗan wake, koko da ƙosai ko kunun gyaɗa, dambu ko fate, su kaɗa ƙuri'a. Sharaɗi dai kullum a samu wake ko gyaɗa ko kifi da ɗan ganye. A tambayi masu olsa da masu sikila ma, kar yaji ya hana su ci.

In an gama a manna jadawalin a ƙofar dainin, a gwada sati biyu, yaran su riƙa duba wace rana aka fi rage abinci a kwano. Wannan ranar ita za a fara canzawa a zama na gaba.