Yadda na rage ƙarar janareta a hedfon

Manhajar kwamfuta ba za ta mayar da hedfon na gama-gari ya zama mai kashe ƙara ba. Dalilin kuwa jinkiri ne. Kashe ƙara na buƙatar makirufo dab da kunne ya ɗauki sautin, a juya shi, a fitar da kishiyarsa nan take. Sauti na tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, wato santimita 34 a milisakan ɗaya (kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa). Kafin sauti ya shiga kwamfuta ya fito, galibi an ci milisakan biyar ko fiye. A sautin Hertz 1000, wato mai kaɗawa sau dubu a daƙiƙa, jinkirin rabin milisakan kawai ya isa ya sa kishiyar ta ninka ƙarar maimakon ta kashe ta.

Abin da ya yi aiki: cire robar iyafis, a sa ta soso wadda ta dace da ramin kunne. A murza ta da yatsu, a tura ciki, a riƙe daƙiƙa 20 har ta kumbura ta toshe ramin. In ta yi ƙanƙanta, gurnanin zai shigo.

Lokacin kira kuma, manhajar Krisp ko NVIDIA Broadcast na tace ƙara daga makirufonka. Wanda kake magana da shi ne zai huta, ba kunnenka ba.